Malam Babu na Kantar Famfo

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida Anti da yara, da fatan kowa lafiya. Yaya ƙafar? Direban motar kayanmu ya ce ya ga kana ɗingishi a bayan kantar reshenku, kai kuma in an kira ka a waya ba ka da magana sai "lafiya lau". Shi ya sa na koma ba direban takarda ya kawo maka. A waya ba ka wuce gaisuwa, amma in ka riƙe biro har bayan shafi kake cikawa. Inna tana nan ƙalau. An canza mata tabarau, tana ta mitar cewa na da ya fi.

Ka tambaye ni aiki. An kawo mana sabon shugaba a babban ofis. Ranar farko ya tara mu 'yan sashen horar da ma'aikata ya ce, "Nan ba makaranta ba ce, shago ne. Daga yau manajan kowane reshe zai sayi kwas a wurinku daga kasafinsa. In an saya, kuna da amfani. In ba a saya ba, ku ma ba a buƙatarku." Yaya, watannin farko babu wanda ya leƙo mu. Wane manaja ne zai rufe kanti ya biya don a karanta wa yaransa takarda?

Sai na yi dabara. Na ɗauki wani kamfani da ke tura mutane rassanmu kamar masu saye, da 'yar kyamara a maɓallin riga. Sai sun rufe fuska, sun sauya murya, sun cire sunan reshe, sannan su kawo mana bidiyon. A cikin tulin da suka kawo na tsinci wani da ya fi kowanne. Wata mata ce ta je neman kan famfo. Mai kanta yana zaune yana latsa waya, ko ɗago kai bai yi ba ya ce, "Babu." Ta ce, "Malam, ba ga shi can a bayanka ba?" Ya ce, "Ba irin naki ba ne." Ta ce ai ba ta faɗi irin nata ba tukuna. Sai ya kaɗa mata bayan hannu kamar mai korar kaza. Ga muryar an mayar da ita siririya, wallahi har hawaye muka yi don dariya. Ni na raɗa masa suna Malam Babu, na gina kwas ɗin karɓar mai saye a kansa.

Yanzu manajoji layi suke yi. Naku ma ya saya, malamin da muka ɗauka zai zo muku kwanan nan. Ka zauna a gaba, ka kalla da kyau, ka faɗa min gaskiya. Kai ka daɗe a kanta, ra'ayinka ya fi min na shugaba.

Autarka.

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, mun gode. Muna lafiya. Ƙafa tana nan yadda take. Ki gaida Inna, ki ce ta yi haƙuri da tabarau, ido yakan saba.

An nuna mana abin. An rufe kanti da wuri, aka jera kujeru a sito, aka haska a bango. Na zauna a gaba kamar yadda kika ce. An yi dariya sosai.

Kin ce in faɗa miki gaskiya. Na ga kaina a ciki, Auta. Aikinki ya isa inda aka aike shi.

Babbar 'yarki ta fara jarrabawa, a sa ta a addu'a. Direba yana jira, zan tsaya nan.

Yayanki.

*

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri gare ku duka. Allah ya ba 'yata sa'a, ka ce mata ina jiran sakamako. Inna ta ce ka riƙa gasa ƙafar da ruwan ɗumi, kuma ka daina taurin kai ka je asibiti.

Takardarka gajeriya ce amma ta biya ni. "Na ga kaina a ciki." Yaya, ka san abin da nake ta ƙoƙarin fahimtar da shugaba ke nan? Cewa kowane ma'aikaci, ko nagari irinka, in ya kalli Malam Babu zai tuna wata rana da shi ma ya yi wa mai saye sakaci. In mutum irinka ya faɗi haka, me ya rage?

Na karanta masa jimlar a taro. Ya buga tebur ya ce, "Wannan ita ce tallar!" To kada ka yi fushi, na sa ta a takardar talla da muka buga wa rassa, da manyan baƙaƙe, a ƙarƙashin hoton Malam Babu. Ban sa sunanka ba, na rubuta "in ji wani daɗaɗɗen ma'aikacin kanta". Taku tana cikin kayan da direba ya ɗauko, a liƙa a allon sanarwa.

Akwai wani albishir. Rassan da suka yi kwas ɗin cinikinsu ya ɗaga, kuma shugaba yana so mu fara sayar wa wasu kamfanoni. Ya ce in ya yiwu ni zan riƙe sabon sashen. Ban faɗa wa Inna ba tukuna, kai na fara faɗa wa. Kai ka biya min makaranta da tsayuwar kantar nan, ba na mantawa.

Autarka.

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Mu lafiya lau. Ban san yadda zan fara ba.

Mota ta je ta dawo, ta sake zuwa ta dawo, babu takarda. Na kira waya ba ka ɗauka ba. Na kira Anti ta ce kana wanka, na sake kira ta ce ka kwanta. Sai na ɗauka tallar ce ta ɓata maka rai don ban nemi izininka ba, har na ji haushi, na ce Yaya ya cika ƙanƙantar da abu ya mai da shi babba.

Jiya na tare direba a bakin sito na ce, "Lafiya Yayana kuwa?" Ya ce, "Ai Malam Babu lafiyarsa..." Sai ya kama bakinsa. Ya sunkuya yana ɗaure igiyar da take a ɗaure.

Na koma ofis na kulle ƙofa na kunna bidiyon. Na kalle shi ya fi a ƙirga, na nuna wa mutane, na tsayar da shi ina bayani da sanda. Amma jiya na fara kallon abin da ke kan kantar. Filas ɗinka na shayi mai naɗin salatif a wuya. Ni na saya maka shi da albashina na farko. Sannan hannun. Haka kake kaɗa mana shi muna yara in mun dame ka kana karatu.

Na kira kamfanin na ce su turo min na asali. Sun turo. Ban iya kai shi ƙarshe ba.

Yaya, ban gane ka ba. Ban san wanne ya fi muni ba, a ce na gane na bari, ko a ce ɗan uwana yana gabana a allo ina dariya ban san shi ba. Rabona da zuwa wurinku har na manta launin bangon kantin. Kuma da ka rubuto min a fili, sai na ɗauki maganarka na buga ta na aika a liƙa a inda kake aiki.

Ban ci abinci a gaban Inna ba jiya, na ce mata ciwon kai ne. Ka rubuto, ko zagi ne.

Auta.

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Na je asibiti, sun ce guiwa ce ta gaji, sun ba ni magani da abin ɗaurewa. Ki faɗa wa Inna don hankalinta ya kwanta. Sauran maganar kada ta ji.

Ba zan zage ki ba. Zan dai ba ki labarin ranar, tunda ke kika shirya ta amma ba ki halarta ba.

Kafin a fara na riga na cika baki. Na faɗa wa duk abokan aiki cewa ƙanwata ce ta tsara, a babban ofis. Na sa rigata mai kyau. Da aka haska, ni ma na yi dariyar "Babu" ta farko, don muryar kamar ta ɗan tsako. Sai na ga filas. Sai na ji dariyar bayana tana mutuwa layi-layi. Su ma sun gane ni. Can wani ya kasa riƙewa, ta kuɓuce masa ta hanci, shi ke nan kowa ya fashe.

Malamin da kika turo baƙo ne, bai san komai ba. Ya ji daɗi ya ga abu ya karɓu. Ya tsayar da hoton a daidai hannuna ya ce, "Wa zai lissafo mana kurakuran Malam Babu?" Ba wanda ya motsa. Sai ya nuna ni ya ce, "Baba, kai ne babba a nan, koya wa yaran nan." Na miƙe. Na ce bai gaishe ta ba. Bai ɗago kai ba. Ya ce babu alhali akwai. Ya kore ta da hannu. Malamin ya ce, "A tafa wa Baba!" Aka tafa.

Abin da ya hana ni rubutu ba fushinki ba ne, ko da yake ranar da aka liƙa tallar nan kusa da inda muke sa hannu na yi fushin. Na yi ta neman uzuri ne. Na so a ce ranar da aka kwantar da ƙaramin yaro a asibiti ce. Na tambayi Antinki, muka lissafa da kwanan watan da ke jikin bidiyon, ba ita ba ce. Na ce ko ƙafa ce, amma kan famfon nan ko tashi ba sai na yi ba, miƙa hannu ne kawai. A wayar ma na san ba wani abu nake dubawa ba, ƙwallo ce kamar kullum. Rana ce irin kowace rana, Auta. Ban ma tuna matar ba. In ban tuna ta ba, su nawa ke nan?

Ni na ɗauka ni ne wanda ake nuna wa sababbi a ce ku yi koyi da shi. Ban san yaushe na zama wancan mutumin ba.

Manaja ya daina haɗa ido da ni, kuma yanzu ya fi saka min baki a aikina. Antinki a bakin matar direba ta ji. Ta dawo ta ajiye min abinci ta ce, "Ai ni na san hannun nan, ni ma ana kaɗa min." Da wasa ta faɗa. Ban iya cin abincin ba.

Kada ki ɓata aikinki saboda ni. Mutumin da ke cikin hoton ya yi abin da aka ce ya yi.

Yayanki.

*

Yaya,

Gaisuwa gare ka da Anti da yara. Na ji daɗi ka je asibiti. Inna ta ce a gaishe ka, ta ce dama ta san guiwa ce, ta Baba ce ka gado. Ba ta san komai ba.

Ka ce kada in ɓata aikina. Na karanta, ban bi ba.

Na shiga wurin shugaba na ce a janye bidiyon. Ya ce dalili? Yaya, ka ga wata kunyar: na kasa cewa yayana ne. Na tsaya ina kawo masa dalilan kasuwa, wai an fara gane mutumin a reshensa, wai ma'aikata za su fara jin tsoron kwas ɗinmu. Ya saurara ya ce, "Tsoron ai shi muke sayarwa. Kin ga cinikin rassa. Kawo wani dalilin." Ya fara duba wayarsa. Sannan na ce, "Yayana ne. Uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ya yi min makaranta."

Ya ajiye wayar. Na ɗauka zai tausaya, kuma a nasa ganin tausayin ya yi. Ya ce Allah ya ba da haƙuri, bai sani ba. Sai idonsa ya yi haske ya ce, "To ai ga mafita. A yi kashi na biyu. Malam Babu bayan horo, da fuskarsa a buɗe, yana murmushi yana tarbar mai saye. Shi ya wanke sunansa, mu kuma mu nuna wa kamfanoni ribar horo da idonsu. A ba shi wani abu mai kauri." Abin da ya fi ƙona min rai, kafin ya rufe baki na riga na ga yadda zan tsara shi, har inda za a ajiye kyamara. Sai da na fito na ji kamar in wanke kaina.

Na koma na ce masa a'a. Na ce bidiyon a ƙarƙashin sa hannuna yake, kuma na janye shi. Na aika wa rassa su cire tallar. Muka sake ɗaukar wani bidiyon a ofis, wani abokin aikina ya zauna a bayan tebur yana cewa babu. Ba ya ba kowa dariya, kowa ya san wasa ne. Manajoji biyu sun riga sun fasa saye.

Shugaba bai kore ni ba. Ya ce yana girmama ni, amma sashen da cinikinsa ya ragu dole ya rage kashewa. Maganar sabon sashe ta tafi wurin wani. Malaman waje ma an sallame su, ni zan riƙa bin rassa da kaina ina koyarwa, a motar kaya in ta kama. Da nake tattara takarduna na ji masu shara a baranda, ɗaya tana tambayar ɗaya omo, ɗayar ta ce mata, "Malam Babu!" suka yi dariya. Bidiyon na janye, sunan ban san yadda ake janye shi ba.

Reshenku ya riga ya biya kashi na gaba, na jera kaya da amsa ƙorafi, kuma yana kan hanyata wata mai zuwa. In ba ka so in zo, ka faɗa, zan san abin da zan ce wa manajanku. In kuma ka fi so ka ɗauki hutu a ranar, zan fahimta. Ban san da wane ido zan tsaya a gaban mutanen da suka tafa maka ba.

Auta.

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, guiwa da sauƙi in na ɗaure. 'Yarki ta ci jarrabawa, tana nan tana taƙama. Ki gaida Inna, ki ce na ji maganar gado, Allah ya jiƙan Baba.

Na yi kwanaki da takardarki a aljihu. Da farko haushi na ji. Na ce miki kada ki taɓa aikinki, kika taɓa. Sannan aka yi min tayi, kika amsa a madadina ba ki tambaye ni ba, kamar yadda kika buga maganata ba ki tambaye ni ba. Halin nan naki tun kina ƙarama yake. Amsar dai ita ce zan bayar, ba zan yi wa kyamara murmushi ba ko nawa ne. Amma da kin bari na faɗa da bakina.

Sashen da kika rasa kuwa, na kasa faɗa wa Antinki. Na tsaya a kanta shekara da shekaru don ki hau, ga shi zaman da na yi a kantar ya sauko da ke. Wannan zan daɗe ina ɗauke da shi, kada ki ce min ba komai.

An cire tallar, saura tabon gam a allo. Sunan yana nan. Shekaranjiya wani mai gyaran famfo ya shigo, ya ji ana faɗa ya ɗauka sunana ne na gaskiya. Ya cire hula ya ce, "Malam Babu, ina wuni." Kowa a kanti ya sami abin gogewa. Na duba fuskarsa, babu raini a ciki. Na ce, "Lafiya lau, me za a ba ka?" Na tashi na ɗauko masa. Wayar yanzu a aljihun rigar da na rataye take wuni. Ba na cewa na gyaru, wani lokaci kalmar tana zuwa har bakina in haɗiye ta.

Maganar zuwanki. Na yi tunanin hutun, har na je ƙofar manaja na dawo. In ban zo ba za a ce na gudu, in ba ki zo ba za a ce kin gudu, kuma gidanmu ɗaya. Ki zo. Antinki ta riga ta fitar da keken ɗinki daga ƙaramin ɗaki ta shimfiɗa miki katifa, yara suna faɗan wanda zai kwana kusa da ke. Kada ki kama ɗaki a masauki, ba za ta yafe miki ba.

Abu ɗaya nake roƙo. In kin shigo sito za ki gan ni a kujerar gaba. Kada ki tsaya gaishe ni, kada ki sassauta murya, kada ki tsallake ni in kina tambaya. Kamfani ya biya, ki yi aikin da aka biya. In na amsa daidai ki ce daidai, in na kuskure ki gyara min kamar kowa. Gaisuwa da kuka, in akwai, sai mun koma gida an rufe ƙofa.

Ki taho min da irin abin ɗaure guiwar nan mai faɗi, na nan ba ya kama ni.

Yayanki.